Auta Ta Yar da Ciko

Tun da matar ƙaninta ta bugo waya ta ce Auta na rabar da kayan ɗakinta, hankalin Yaya bai ƙara kwanciya ba. Wai har gado. Wai har firji da labule. A sanin Yaya, abu biyu ne ke sa mutum ya raba kayansa alhali yana numfashi: ko kai ya taɓu, ko kuwa ya ji a jikinsa cewa tafiya ta matso. Ko wanne ne a ciki, ƙanwarta ce, ita kaɗai ce 'yar'uwa mace da ta rage mata tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Don haka ta roƙi abokiyar aikinta ta kula mata da tukwane a kicin ɗin makarantar da suke dafa wa ɗalibai abinci, ta saɓi jaka, ta hau bas da sanyin safiya, tana tafe tana roƙon Allah ya sa ƙarin gishiri ne irin na matar ƙani.

Ita kuwa Yaya, in ana maganar kaya, to an zo gidanta. Matar da ba ta taɓa yar da gwangwanin madara ba! Ƙarƙashin gadonta akwai fanka mara fiffike, da rediyon da ya daina magana tun kafin ta haifi ɗanta na fari, da murafen tukwanen da su tukwanen sun daɗe da hujewa. In mijinta ya ce a zubar, sai ta ce wata rana za su yi amfani. To mace irin wannan ce aka ce wa ƙanwarta ta ba da gado.

Auta ta koma wani ƙaramin ɗaki ne a saman bene, ba nisa da shagon wanki da guga inda take aiki. Yaya ta hau matattakala tana haki, tana tsallake bokitai da takalman 'yan haya, har ta kai ƙofar ƙarshe. A buɗe take. Ta leƙa, ta yi mutuwar tsaye.

"Innalillahi! Auta, sata aka yi miki?"

Katifa ce a ƙasa, an ja zanin gado an lafe shi tsaf. Risho ɗaya a lungu, tukunya ɗaya a kansa, faranti ɗaya da cokali a kife. Bokiti a bayan ƙofa. Riguna 'yan kaɗan a jikin ƙusa. Shi ke nan fa, an gama lissafin dukiya. Muryar Yaya ma sai da ta bugi bango ta dawo mata.

Auta ta taso da gudu ta rungume ta tana dariya. "Yaya! Ba ko waya? Shigo mana, kin tsaya kamar kin ga gawa."

"Gawar ɗaki na gani. Ina gadon? Ina kujerun? Ina durowar da na sha wahala na kawo miki a mota?"

"Wasu na sayar, wasu na bayar. Zauna."

"A ina?"

"A katifa mana."

Yaya ta zauna da ƙyar, gwiwa na ƙara, jaka a ƙanƙame a cinya kamar ita ma za a rabar da ita. Auta ta kunna risho ta dafa shayi, ta zuba a kofi ta miƙo. Yaya ta duba hagu ta duba dama.

"Naki fa?"

"Kofin ɗaya ne. Sha ki ba ni."

"Taɓɗijam! To in kin yi baƙi?"

"Ga shi na yi. Kin mutu?"

Nan Auta ta zauna a gabanta ta naɗe ƙafa ta yi mata bayani, ba kame-kame. An ƙara kuɗin haya a tsohon gidan, albashi kuwa yana nan inda yake kamar an kafa masa ƙusa. Ta ce wata rana ta dawo daga aiki, ƙafa a kumbure don tsayuwa, ta zauna ta ƙare wa ɗakin kallo, sai ta ga ashe kujeru take biya wa haya. Ita tana can tana shan zafin dutsen guga, su suna nan a inuwa suna hutawa. Sai ta nemi ƙaramin ɗaki, ta kafa wa kanta doka: duk abin da wata ya kama ya ƙare ba ta taɓa shi ba, to ba nata ba ne, ya kama gabansa.

"Wallahi Yaya, tun da na rage kaya nake barci. Shara kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Ba na cin bashi, ba na neman komai in rasa, don babu inda zai ɓuya."

Yaya na kurɓar shayi tana ƙare mata kallo ta saman kofi. Ido dai ba na mai taɓin hankali ba ne. Magana a jere. Fuska kuwa sai sheƙi take, irin farin cikin da Yaya ta manta rabon da ta gan shi a fuskar yarinyar nan. Ta ɗan rame, ƙasusuwan wuya sun fito, amma mai aikin guga ai ba ta ƙiba. A hankali hankalin Yaya ya fara kwanciya. Ashe ba hauka ba ne, ba kuma mutuwa ba, talauci ne kawai aka yi wa kwalliya. Har ta fara tsokana, ta ce ranar da cokalin nan ya faɗa magudana sai a ci abinci da dutsen guga.

Auta ta yi dariya har da buga cinya. Sai ta matso, ta rage murya duk da ba kowa.

"Ai babban abin da na yar ba ki ma tambaya ba."

"Akwai abin da ya fi gado?"

"Ciko."

Yaya ta sauke kofi daga bakinta.

Duk duniya su biyu ne suka san zancen cikon nan. Tun tasowar Auta nononta na hagu bai kai na dama ba. Ba ɗan bambancin da kowace mace ke da shi ba, a'a, na dama ya yi girmansa ya gama, na hagu ya tsaya a hanya ya ƙi gaba. Yaya ce ta same ta tana kuka a lokacin, ita ce ta yanko soson tsohuwar katifa, ta jera falle uku, ta naɗe da ƙyalle mai laushi ta ɗinke a cikin rigar mama, ta ce mata ta sa, kuma kada ta bari kowa ya gani. Auta kuwa ta riƙe maganar nan da haƙori. Ta girma cikin manyan riguna, kafaɗa a ranƙwashe, jaka kullum a rungume a ƙirji. A shago, sauran mata na canja kaya a gaban juna suna hira, ita sai ta shige banɗaki ta sa sakata. Masu nemanta da aure sun zo, mutanen kirki ma, da zarar magana ta yi nisa sai ta nemo wa mutum laifi ta sallame shi. Dangi suka ce girman kai ne. Yaya ta san ba shi ba ne.

"Kika yar da shi? To da me kike fita?"

Auta ta miƙe tsaye, ta ja rigarta ta baya ta ɗame, ta buɗe kafaɗu. "Duba."

Yaya ta duba. Ikon Allah! Babu ramin nan na hagu. Sun yi kai ɗaya.

"Watannin baya ne na ji rigar maman tana matse ni ta hagu," in ji Auta, baki har kunne. "Na ce ko wanki ne ya sa ta tsuke. Na sa reza na farke ɗinkin, na cire falle ɗaya. Aka jima ta sake matsewa, na cire na biyu. Makon jiya na cire na ƙarshe. Kin san dokata, abin da ba ya aiki ba ya kwana a ɗakin nan. Da hannuna na jefa shi a kwandon shara, na tsaya har sai da motar shara ta kwashe. Yaya, Allah ya ji kukana. Ya biyo ɗan'uwansa."

"Alhamdulillahi," in ji Yaya, amma ba da murna ba.

Yarinyar nan ta haura talatin. Ba ciki gare ta ba, ba shayarwa take ba, ba ƙiba ta yi ba, ramewa ma ta yi. Abin da ya ƙi girma lokacin da komai na jiki ke girma, me ya tashe shi yanzu, shi kaɗai, cikin 'yan watanni? Sai ga fuskar wata mata da suka taɓa aiki tare a kicin, mai wanke-wanke, ta faɗo mata a rai. Ita ma dariya take yi lokacin da take ba su labarin kumburin nononta, kafin ya kwantar da ita. Yaya ta ajiye kofin a ƙasa.

"Rufe ƙofar nan."

"Lafiya?"

"Na ce ki rufe. Ki zo nan gaban taga ki ɗaga rigar."

"Haba Yaya, sai ka ce wata ƙaramar yarinya."

"Ni na yi miki wanka tun kina cikin tsumma. Ɗaga."

Auta ta yi tsaki, ta rufe ƙofa, ta zo ta ɗaga, ta kau da kai gefe tana kallon bango.

Yaya ba ta san lokacin da salati ya kuɓuce mata ba. Ba girma ba ne wannan. Ta gefen sama fatar ta yi kauri, ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, launin ma ya sauya. Kan nonon ya shige ciki. Ta sa yatsu a hankali ta danna, ta ji abu a ciki, ƙullutu mai tauri, a kafe, ba ya gocewa. Ta kai hannu hammata, ta ji wani ƙarami a can.

"Auta. Ke ba kya duba jikinki?"

"Da wane madubi? Na ba maƙwabciya. Ko da yana nan ma ai ba na kallon wajen, kin sani. In na shiga wanka soso nake gogawa in fito."

"Ba ki ji wannan ba?" Yaya ta kamo hannun Auta ta ɗora mata a kan wurin ta danne. "Wannan. Ba ki ji shi ba?"

"Na ji shi mana."

"Kin ji shi?"

"Tun farko na ji shi. Na ɗauka haka girman yake farawa."

Wayyo! Da mari aka kwaɗa wa Yaya da ya fi mata sauƙi. Ta saki hannun, ta koma da baya ta zube a kan katifa, baki buɗe. Watanni yarinyar nan tana kwana tana tashi da abin nan, tana lallaɓa shi, tana cire masa soso falle-falle don ya sami wurin zama, tana yi wa Allah godiya. Kuma ba ta gaya wa kowa ba, don tun tana ƙarama an ce mata wajen nan ba a nuna shi.

"Ba ya ciwo fa," in ji Auta, tana sauke riga da sauri. "Ko kaɗan ba ya ciwo."

"Shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Ɗauko takalminki, asibiti za mu."

"Asibitin me? Lafiyata ƙalau."

"Auta, ni ba likita ba ce, ban ce ga abin da yake ba. Wataƙila ba komai. Amma su za su faɗa, ba ni ba, ba ke ba. Tashi."

Nan fa Auta ta birkice. Yaya ba ta taɓa jin muryarta ta kai haka ba, ga ɗaki ba kaya, kowace kalma sai ta yi amsa-kuwwa.

"Na san za a yi haka! Shi ya sa ban gaya wa kowa ba! Shekara nawa ina yawo da soson katifa a ƙirji, zafi ya yi zafi ya jiƙe da gumi, ya yi wari, in wanke a ɓoye in shanya a ƙarƙashin wata rigar kada a gani? Shekara nawa ban ɗaga hannu a bas na kama ƙarfe ba don kada ya goce? Mako ɗaya tak na yi ina mutum kamar kowa, Yaya, mako ɗaya! Shi ne za ki hau bas ki zo ki ƙwace?"

"Ni ba ƙwacewa na zo yi ba."

"To bar min abina! Ke da naki suke daidai tun fil'azal me kika sani?"

Gaskiya ne, Yaya ba ta sani ba. Tsoro ne kawai ya cika ta, tsoro tsantsa, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka fito da gawar mahaifiyarsu daga ɗaki. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Ita da ke tsawata wa ɗalibai ɗari a layin abinci su yi tsit, yau ga ta zaune a katifar ƙasa tana kuka kamar marainiya.

"Da sassafe na taso," ta ce, "ina ta cewa ko dai yarinyar nan ta ji mutuwa ne take raba kaya. Na zo na ga kina dariya, na ce alhamdulillahi, ƙarya ne. Har na sha shayi. Auta, ki rufa min asiri. Ke kaɗai gare ni."

Auta ta jingina da bango, ta sulale ta zauna. Can, ba tare da kowa ya ce mata ba, ta sa hannu ta cikin riga ta taɓa wurin. Wannan karon ta daɗe. Yaya na kallon fuskarta tana sauyawa a hankali.

"Yana da tauri," ta ce, kamar mai ba da labarin wani.

"Yana da tauri."

"Na daman ba haka yake ba."

"Ba haka yake ba."

Ta cire hannun ta dube shi. "To da me zan je? Kati kuɗi, hoto kuɗi, gwaji kuɗi. Yinin da ban je shago ba sai an yanke. Dubi ɗakin nan, Yaya, ko abin sayarwa ban bari ba."

"Ni na bari. Ɗakina ko wurin sa ƙafa babu, kin sha yi min gori. Keken ɗinki na nan, firji na nan, akwatunan da ban buɗe ba tun aurena suna nan. Yau dai na ga ranarsu. Tashi."

Auta ta miƙe. Maimakon ta nufi takalmi, sai ta ɗaga gefen katifa ta jawo wata leda. Riga ce sabuwa dal, shuɗiya, an goge ta an ninke irin ninkin masu sana'a. Ta warware ta. Ba irin buhunan da ta saba sawa ba ne, wannan an yanka ta daidai jiki, da pinsa, ɗinkin nan mai fito da ƙirji.

"Shekaranjiya na karɓo daga wurin tela. Manyan riguna uku na fitar kafin ta shigo. Karo na farko ke nan da na tsaya aka auna ni da tef." Ta shafa wuyan rigar. "Na ce sai wata babbar rana zan sa."

Yaya ta buɗe baki za ta ce asibiti ba wurin kwalliya ba ne, sai ta rufe.

"Sa abarki," ta ce.

Suka sauko. A ƙofar gida mai sayar da kayan miya ta ɗago daga kan tumatirinta ta riƙe haɓa. "A'a! Mai guga, ke ce? Yau ina aka nufa haka ba gayyata?" Auta ta yi mata murmushi ta wuce. Suka bi ta gaban shagon wanki, abokan aikinta biyu suka leƙo ta cikin tururi suna tafi, ɗaya na cewa dama haka kike kika ɓoye mana. Jaka na rataye a kafaɗar Auta, hannuwa a sake, wuya a miƙe. Yaya na biye da ita a baya, ta kasa jerawa da ita, ta kasa amsa gaisuwar kowa. A bas ba wurin zama. Auta ta ɗaga hannun hagu ta kama ƙarfen sama, ta riƙe shi har suka isa.

A asibiti suka yanki kati, aka nuna musu wani dogon benci a gaban ƙofa mai labule. Mata ne jere, wasu da jarirai, wata tsohuwa na gyangyaɗi. Warin magani ya cika wurin. Duk wadda aka kira sai layi ya matsa, su ma su matsa, har ya zama ba kowa tsakaninsu da labulen. Nas ta leƙo ta karɓi katin, ta ce wa Auta idan ta shiga ta cire riga ta kwanta, likita na zuwa.

Auta ta miƙe. Ta yi taku ɗaya, ta juyo ta tsaya a gaban yayarta, ta ja rigar ƙasa ta gyara mata zama, ta saki hannuwa a gefe.

"Yaya, kafin in cire. Dube ni da kyau, kada ki yi min ƙarya. Daidai suke ko?"

Yaya ta ɗaga kai ta duba. Ta duba sosai, hagu da dama, yadda aka roƙe ta.

"Daidai suke, Auta. Wallahi daidai suke."

Auta ta gyaɗa kai, ta miƙa mata jakar ta riƙe, ta ɗaga labulen ta shiga.